Yadda Iyaye Za Su Rage Zaman Kallon Waya a Gida, Su Dawo da Motsa Jiki Don Kare Zuciya

A ƙauyukan Kano da Jigawa an daɗe ana ɗaukar hawan jini da ciwon suga a matsayin cutar mutanen birni da masu hannu da shuni, saboda manomi da matarsa da 'ya'yansa ba su da lokacin zama balle kitse ya taru musu. Wannan zato yana da tushe a zamanin da mace ke yin surfe da daka da hannunta, ta ja ruwa da guga daga rijiya mai zurfi, namiji kuma ya taka zuwa gona ya yini sunkuye da fartanya. Yau injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur ya karɓi aikin ƙafa, maganin feshi ya rage noman hannu, rijiyar burtsatse ta matso da ruwa kusa da gida. Duk waɗannan sauƙi ne daga Allah, kuma ba mai fatan a koma wahalar da aka baro. Abin damuwar shi ne sa'o'in da aka samu rara sun tafi ga wayar hannu, domin ko a garin da wutar lantarki ba ta kai ba, akwai sola da shagon caji da mai tura finafinai a memori.

Zama mai tsawo yana cutar da jiki ta hanyar da ba a ji ba a gani. Manyan tsokokin cinya da ƙafa su ne suka fi zuƙar sukarin da ke yawo cikin jini bayan an ci tuwo ko shinkafa, kuma suna yin hakan sosai ne lokacin da suke aiki. Idan mutum ya saba yini a zaune, jiki yakan fara bijire wa sinadarin insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukari cikin tsoka da sauran sassa, sai sukarin ya riƙa daɗewa cikin jini, kitse ya taru a tumbi da hanta, jijiyoyin jini su yi tauri, zuciya ta riƙa turo jini da wahala. Ƙarshen wannan hanya shi ne ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na duk mace-macen duniya, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ne irin namu. Waya tana taimaka wa wannan ɓarna ta fuska uku: tana zaunar da mutum, tana sa shi ci ba tare da ya lura da ƙoshi ba, tana kuma cinye masa barcin dare. Lalacewar jijiyoyin jini ba da tsufa take farawa ba, tun ƙuruciya take somawa a hankali, shi ya sa maganar ta shafi gida gaba ɗaya.

A fara da wayar maigida da ta uwargida

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, don haka uban da ke kishingiɗe a zaure yana kallon TikTok daga La'asar zuwa Magariba ba zai iya hana ɗansa irin wannan zama da faɗa ba. Matakin farko shi ne iyaye su san adadin lokacin da su kansu suke ɓatawa. Yawancin manyan wayoyin Tecno da Infinix da Samsung suna da wani sashe a cikin saitinsu mai suna Digital Wellbeing, wanda ke nuna sa'o'in da aka yi a kan waya kowace rana da manhajar da ta fi cinye su. Wanda bai iya nemo shi ba, yaron da ke shagon caji zai nuna masa cikin minti biyu. A duba shi kullum da dare har mako guda, ba tare da an canja komai ba tukuna, a haɗa da lokacin da aka yi a gidan kallon ƙwallo ko gaban talabijin.

Bayan mako, a zauna a tantance. Lokacin da aka yi wajen tambayar farashin riɗi ko shinkafa, tura kuɗi, gaisawa da ɗan'uwa da ke ci-rani ko neman karatu ba shi ne matsalar ba. Haka ma sauraron tafsiri ko labarai alhali ana shara, ana tafiya ko ana ban-ruwa, domin kunne ne ke aiki, jiki kuma yana motsi. Abin da ake so a rage shi ne kallon da ake yi a zaune ko a kwance, bidiyo na bin bidiyo, wanda idan aka tambayi mutum abin da ya gani da safe ba zai iya tunawa ba. A wannan sashe na waya ana iya sa wa kowace manhaja iyakar lokaci, ta kulle kanta idan ya cika. Ya fi kyau a rage rabin sa'a kowane mako har a kai inda ake so, maimakon a yanke gaba ɗaya rana ɗaya a koma bayan kwana uku.

Iyakar kallo ga yara

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji game da yara 'yan ƙasa da shekara 5. Jariri da ɗan shekara 1 ba a so a ba su kallo ko kaɗan. Daga shekara 2 zuwa 4 kada kallon ya wuce sa'a ɗaya a yini, kuma ƙasa da haka ya fi. Ga waɗanda suka haura shekara 5 hukumar ta ce a taƙaita kallon nishaɗi ba tare da ta yanke adadi ba, amma ƙa'idar ƙasar Kanada ta sa iyakar sa'a biyu a yini, kuma wannan ma'auni ne da kowane gida zai iya riƙewa.

Inda aka fi karya wannan ƙa'ida shi ne lokacin da yaro ke kuka uwa kuma tana kan girki, ko lokacin yaye, sai a miƙa masa waya don ya yi shiru. Uwar ba ta yi haka don rashin so ba, aiki ne ya yi mata yawa. Amma yaron da aka saba rarrasa da waya yakan koyi cewa kuka ne kuɗin sayenta, gobe kuma zai ƙara. Abin da ya fi shi ne a shimfiɗa masa tabarma a inuwa, nesa da murhu da bakin rijiya, a ba shi abin da zai juya da hannu kamar ƙwarya da ludayi, a sa yayarsa ko kakarsa ta riƙa yi masa magana da wasa. A cikin waɗannan ƙa'idoji akwai wani batu da ya shafe mu kai tsaye: ba a so a ɗaure ƙaramin yaro wuri ɗaya fiye da sa'a ɗaya a jere, kuma an ambaci goyo a baya a cikin misalan. Goyo al'ada ce mai kyau da ke ba yaro nutsuwa, ba a ce a bari ba, sai dai idan yana farke a riƙa sauke shi ya wuntsila ƙafafunsa. Jaririn da bai fara rarrafe ba a riƙa kwantar da shi rub-da-ciki yana farke ana kallonsa, abin da zai kai minti 30 a yini idan aka tara. Daga shekara 1 zuwa 4 kuwa ana so yaro ya sami aƙalla minti 180 na wasa da zirga-zirga kullum.

A gidan da ke da mata biyu ko uku, ko gidan gandu da ƙannen maigida da matansu, doka ba ta tsayuwa sai an yi ta tare, domin yaron da aka hana a ɗakin uwarsa zai tafi ɗakin abokiyar zamanta ko wurin baffansa. Maigida ne ya kamata ya tara kowa ya yi maganar cikin lumana, ya kuma fara da kansa. Zai iya cewa, "Daga yau ni ma da an kira Magariba zan ajiye tawa, ina roƙon kowa ya taya ni." Idan kaka ce ke miƙa wa jikoki waya, a same ta ita kaɗai cikin ladabi a ce, "Inna, ma'aikatan lafiya sun ce kallon nan yana hana su barci, a taimaka mana a riƙa yi musu tatsuniya kamar yadda kika yi mana."

Lokutan salla sun fi agogo sauƙin bi, domin kowa a gidan yana jin ladan. Daga Magariba zuwa Isha'i a ajiye duk wayoyi wuri ɗaya, lokacin cin abinci ne da bitar karatu da hira. Kada a ci abinci da waya a hannu, ko da rana. Bayan Isha'i kada yaro ya shiga ɗakin kwana da waya, kuma ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan Isha'i. Uzurin da aka fi kawowa shi ne wayar ce fitila, saboda haka a sayi ƙaramar tocila ko fitilar sola a ajiye a kowane ɗaki. Ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin sa'a 9 zuwa 12, matashi sa'a 8 zuwa 10, babba kuma aƙalla 7. Wanda zai tashi Asuba ya lissafa da kansa ya ga ƙarfe nawa ya kamata ya kwanta. Ƙarancin barci yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi washegari, yana kuma ɗaga hawan jini.

Yawan motsin da jiki ke buƙata

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 sun ce babba ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 150 shi ne rabin sa'a kullum har kwana biyar. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar kimanin minti 60 kullum. Hanyar gane matsakaici ita ce numfashi ya ɗan ƙaru, jiki ya yi ɗumi, mutum yana iya magana amma ba zai iya rera waƙa ba. Idan ya kai ga haki har ba ya iya haɗa jimla, ya shiga mai tsanani. Ba a buƙatar kayan wasanni ko takalmi na musamman, domin noma, faskare, ɗiban ruwa, tuƙa keke da tafiya da sauri duk suna cikin lissafi.

Manomin da ke huɗa da noma da damina, ko mai noman rani a Kadawa da fadamun Haɗejia, ya riga ya wuce wannan adadi a lokacin aiki. Haɗarinsa yana zuwa ne bayan kaka, lokacin da amfani ya shiga rumbu, kuɗi ya shigo hannu, aka koma zaman majalisa da teburin mai shayi har faɗuwar ruwa. Waɗanda suka fi shi buƙatar kulawa su ne masu sana'ar zaune duk shekara: tela, mai shago, ɗan acaɓa, mai caji, mai POS da malamin makaranta. Irin waɗannan su riƙa miƙewa duk bayan rabin sa'a ko sa'a ɗaya su ɗan taka na minti biyu ko uku, su kuma bar babur a gida idan tafiyar ba ta wuce ta minti goma sha biyar a ƙafa ba. Zuwa masallaci sau biyar a ƙafa, idan aka ɗan ƙara sauri aka kuma zagaya ta doguwar hanya wajen dawowa, yana iya cika rabin sa'ar yini. Tafiyar minti goma bayan cin abinci tana da fa'ida ta musamman wajen sauke sukarin jini. Da bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a yi tafiyar bayan Asuba ko gab da Magariba, a sha ruwa sosai. Da azumi kuma a bari sai an sha ruwa.

Mata su ne aka fi mantawa a wannan magana, alhali su suka fi rasa hanyar motsi. Matar da ba ta fita sai da lalura, wadda injin niƙa ya ɗauke mata daka, 'ya'yanta mata kuma sun girma sun karɓi shara da wanke-wanke, tana iya yini tsakanin kujerar tsakar gida da tabarma, tana saƙa ko ɗinkin hula ko kallon fim. Tana jin gajiya da yamma, sai ta ɗauka ta motsa jiki, amma gajiyar zama dabam ce da aikin da ke ƙarfafa zuciya. Ba sai ta fita waje ba. Ta zagaya tsakar gida da sauri na minti goma bayan karin kumallo, da bayan abincin rana, da bayan na dare, ta sami rabin sa'arta. Ta zauna a kujera ta miƙe ba tare da dafa gwiwa ba sau goma, ta huta ta sake, wannan yana ƙarfafa cinya. Ta dafa bango da tafin hannu biyu ta riƙa kai ƙirjinta kusa tana tura kanta baya, wannan na hannu da kafaɗa ne. Kada ta sakar wa yara duk aikin da ke motsa jiki: ta riƙe shara ko jan ruwa ko dakan yaji da kanta. Idan matan gida suka haɗu suka yi tare, kunya takan ragu, abin kuma ya fi ɗorewa. A nan akwai nauyi a kan maigida, domin idan ya yi wa matarsa dariya ranar farko ba za ta sake ba. Abin da ya dace shi ne ya ƙarfafa mata gwiwa, ya kuma raka ta a ƙafa zuwa gaishe da iyaye ko dubiya bayan Magariba maimakon ya kira mata mai babur.

Mai juna biyu da ba ta da wata matsala ita ma ana so ta sami minti 150 a mako na tafiya da aikin gida mara nauyi, bayan ta tambayi ma'aikaciyar awo. Mai jego ta koma motsi a hankali gwargwadon ƙarfinta. Sannan dole a faɗi gaskiya game da magungunan ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu 'yan mata da amare ke sha don a ce sun murje. Daga cikinsu akwai dexamethasone, maganin da likita ke bayarwa don wasu cututtuka na musamman, wanda shan sa barkatai ke ɗaga sukari da hawan jini, ya kumbura fuska, ya raunana ƙashi. Uwa ta sa ido a kan wannan, musamman gab da biki.

Yara ba su buƙatar a koya musu motsi, fili da izini kawai suke so. Langa, 'yar gala-gala, gaɗa, ɓuya, tsallen igiya, tamaula da kokawa sun isa su cika minti 60 har su wuce, kuma langa da tsalle-tsalle suna ƙarfafa ƙashi. Yaron da ya zauna a makarantar boko da safe, ya zauna a Islamiyya da yamma, ya kamata a bar masa tsakanin tashi daga makaranta da Magariba ya yi gudu, kada a cike masa shi da kallo don kawai ya zauna wuri ɗaya a huta da ƙiriniyarsa. 'Yan mata sukan daina wasa da zarar sun fara girma, saboda haka a ba su wuri a cikin gida ko gidan maƙwabta inda za su yi gaɗa da tsallen igiya cikin sutura. Saurayin da ya sayi waya da kuɗin ƙwadagonsa ba a ƙwace masa da ƙarfi, yin hakan ɓoyewa kawai zai koya masa. A nuna masa adadin sa'o'insa a wayar, a bar shi ya faɗi iyakar da zai iya, a tuna masa cewa buga ƙwallo a filin firamare ya fi masa amfani a kan kallon ta a gidan kallo, uba kuma ya riƙa tafiya da shi gona ko kasuwa a ƙafa. Yaro mai sikila ko asma shi ma ya yi wasa, amma kada ya kai ga galabaita, ya riƙa hutawa yana shan ruwa.

Abinci yana tafiya tare da wannan duka. Gishirin da babba zai ci a yini bai kamata ya kai giram 5 ba, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule da kanwa da garin ɗanɗanon taliyar yara duk suna ƙara wa jiki sinadarin da ke cikin gishiri. A rage dunƙule a ƙara daddawa, a rage cokulan sukari a shayi da koko da fura, lemon kwalba ya zama na baƙo da biki. Gero, dawa, wake, zogale, rama da kuka sun fi farin burodi da taliya riƙe ciki ba tare da ɗaga sukari da sauri ba. Wannan ba yana nufin a rage wa yara abinci ba. A yankinmu tamowa tana nan, kuma yaro ramamme ƙarin abinci mai gina jiki yake buƙata, tare da a kai shi asibiti.

Yadda za a gane ana ci gaba

Akwai awo mai sauƙi da ake yi da igiya. A auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar kai, a yanke igiyar, a ninka ta biyu, sannan a zagaya ta a ciki ɗan sama da cibiya bayan an fitar da numfashi. Idan bakunan biyu sun haɗu, ƙugun bai wuce rabin tsawo ba, kuma haka ake so. Idan sun kasa haɗuwa, kitsen ciki ya fara yawa. Ana iya yin wannan ga yara daga shekara 5, amma ba ga mai ciki ba. A maimaita duk wata uku.

Igiya ba ta nuna hawan jini, kuma siririn mutum ma yana kamuwa da shi ba tare da wani ciwon kai ko alama ba. Duk babba ya je asibitin sha-ka-tafi mafi kusa a auna shi aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko sama a ranaku biyu dabam-dabam, hawan jini ne. Sukarin da aka auna da safe kafin a ci komai idan ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7 a ma'aunin milimol, yana nuna ciwon suga, kuma za a sake gwadawa don tabbatarwa. Wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da ɗaya daga cikin cututtukan nan, da matar da sukarinta ko jininta ya hau lokacin goyon ciki, kada su jira sai sun ji ciwo.

Wanda ya ji nauyi ko ciwo a ƙirji yayin tafiya, ko jiri, ko numfashinsa ya sarƙe a ɗan ƙaramin aiki, ko ƙafafunsa suka kumbura, ya dakata ya ga likita kafin ya ci gaba. Idan baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta harɗe farat ɗaya, a garzaya babban asibiti a wannan sa'ar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe a gida. Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, da asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano suna karɓar waɗanda ƙananan asibitoci suka tura. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin sauke sukari ya riƙe dabino ko ɗan sukari a aljihu lokacin tafiya saboda sukarin kan iya faɗuwa, kada ya yi tafiya ba takalmi, ya kuma duba tafin ƙafarsa kowane dare ko akwai ƙaya ko rauni. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini ya ci gaba da sha ko da awonsa ya sauka bayan ya fara motsa jiki. Ya riƙa rubuta sakamakon kowane awo da kwanan wata a ƙaramin littafi, ya tafi da shi ranar ganin likita, domin likitan ne zai duba ya ga ko lokacin rage maganin ya yi.